Ranar da Na Gyara wa Baba Magana a Majalisa

Na dawo Kaduna da digirin injiniyancin nukiliya, na gama bautar ƙasa, na zauna a gidanmu na Unguwar Sarki da abu ɗaya a raina: in koma jami'a in yi digiri na biyu a fiziks. Shekara biyar ana miƙo mini lissafin tukunyar nukiliya, wato injin da ke samar da makamashin, ana cewa in yi aiki da shi. In na tambayi daga ina lissafin ya fito, sai a ce wannan na 'yan fiziks ne. To, ai sai in bi su can.

Baba tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya riga ya nema mini aiki ta hannun wani abokinsa. Ni kuma na san ba inda zan je sai da yardarsa, amma na yi ta jan ƙafa ban faɗa masa ba.

Wata la'asar na kai masa tabarau majalisar ƙofar gida, inda yake zama da abokansa. Ya nuna ni ya ce, "Injiniya zai kama aiki wata mai kamawa."

Ni da bakin nan nawa da ba ya jiran izini, na ce, "A'a Baba, makaranta zan koma."

Baba ya karɓi tabaransa ya ce, "To." Kwana goma, in na gaishe shi, "lafiya" kawai nake samu. Haushin kaina ya ishe ni, amma wallahi ko sau ɗaya ban ji zan fasa karatun ba.

Na hau mota zuwa Katabu wajen Gwaggo, yayarsa, wadda ita kaɗai yake jin maganarta. Na same ta tana tsinke zogale, labari kuwa ya riga ni zuwa.

"Sannu shugaban masu ilimi," in ji ta. "Duk bokon nan ba a koya maka ba a gyara wa uba magana a gaban mutane ba? Wane karatu ne kuma ya rage?"

Na ce, "Gwaggo, an koya mini girki ne. Yanzu so nake in san abin da ya sa ruwan ke tafasa."

Ta harare ni. "Wuta ce, sakarai." Sai ta sassauta murya. "Kai ɗan fari ne, ubanka bai taɓa kiran sunanka ba don kunya. Shekara da shekaru yana 'kai yaro'. Ka samo masa Injiniya, yana kira bakinsa cike, yanzu ka ce ka ajiye?"

Ban taɓa tunanin haka ba. Amma duk da haka na ce mata zan tafi ɗin, ta taimake ni kawai. Ranar Juma'a Gwaggo ta zo gidanmu, suka daɗe a ɗaki ita da Baba. Bayan ta tafi Baba ya kira ni.

"Me ya hana ka faɗa mini a ɗaki?"

"Tsoro, Baba."

"Tsoron ne ya sa ka faɗa a gaban mutum takwas?" Sannan ya ce, "Ka je, Allah ya yi albarka. Amma ni zan sanar da majalisa da bakina, kana tsaye."

Washegari ya gaya musu cewa shi ya ga ya dace in ƙaro karatu, shekara ɗaya ce kacal, sannan in dawo in kama aikin. Shekara biyu ce, kuma ba zan dawo wa aikin nan ba. Na sani, shi ma ya sani. Da ya gama ya juyo ya dube ni, yana jira.

Na durƙusa na ce, "Haka ne, Baba."