Wanda Ya Zauna a Buzun Buba

Ina ɗan firamare aka kawo kallo garinmu Gude. Wani mai shayi ne ya sayo talabijin da bidiyo da ɗan janareto, ya kewaye fili da zana. Mu ƙanana ba a barinmu zuwa, sai yayanmu Sale, ya dawo ya ba mu labari.

Wurin hirarmu bakin murhun kakarmu ne, Inna Dije. Bayan isha'i takan tura kara a wuta ta gasa mana masara. Ita ce ta ƙarshe a gidanmu da ta bi shanu da ƙafarta, kafin kakanmu ya zauna ya kama noma, kuma har ta tsufa Fulatanci bai saki harshenta ba.

Ran nan Sale ya shigo da dariya tun daga zaure. Wai a fim an nuna wani Bafulatani ya shiga birni, ya ga fanka tana juyawa, ya durƙusa yana gaishe ta. Sale ya saƙala sanda a kafaɗa, ya hangame baki, ya shiga karya Hausa. Muka yi ta birgima. Sai da dariyar ta lafa muka lura, maganar da yake kwaikwaya irin ta Inna ce.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sale, nemi wuri. Ga wata nan tafe gare ku."

Muka ce, "Ta iso mu ji."

Wai an yi wani makiyayi, Buba. Wata rana ya kai shanu tafki, ya sunkuya ya sha ruwa, sai ya ga inuwarsa a ruwan ta riga shi ɗagowa. Ya kora shanunsa da sauri. Bai san abin ya fito ya biyo sawunsa ba.

Ranar kasuwa abin ya shiga gari da kamannin Buba, har malafa da sanda, sai dai ya karkata tafiyar, ya lanƙwasa maganar. Mutane suka kewaye shi suna ƙyalƙyala.

Inna ta rage murya. "Abin nan ba ya cin tuwo. Dariya yake ci. Duk wanda ya dara, ya yanko masa tsokar Buba."

Buba na gaske ya fara ramewa. In ya yi sallama a kasuwa sai a ce, "Kai ba Buba ba ne, Buba ya fi ka ban dariya." Ya ce ba komai, ai 'ya'yana sun san ni. Sai ranar da yaran suka kai nono kasuwa, suka ga taro, suka kutsa, suka dara su ma.

Da yamma Buba ya dawo kiwo ya tarar da abin zaune a buzunsa, autarsa tana miƙa masa ƙwaryar nono tana cewa, "Baba, ga shi." Ya tsaya bayan shinge ya kira sunanta. Murya ba ta fita ba. Ya sake kira. Wata tsohuwar saniya kaɗai ta waiwayo. Abin ya ɗago daga ƙwaryar, ya dube shi ta tsakanin ƙaya, ya yi masa murmushi.

Ƙanwata Hajara ta ƙanƙame ni. Na ce, "Inna, ya aka yi ya kore shi?"

"Wa ya ce maka ya kore shi, maigida? Har yau yana bayan shingen." Ta zaro itace ta turmusa a toka. "Ta ƙare. Yau ko kan ɓera ba za ku samu ba."

Muka tashi, ba wanda ya yarda ya zama na baya. Na daɗe ba na iya leƙa randa. Sale bai daina zuwa kallo ba, amma bai ƙara saƙala sandar nan a gidanmu ba.

A lokacin na ɗauka ramuwa kawai ta yi. Sai da na girma na tuna ita ma ba ta wasa da wasan kwaikwayon rediyo, kuma ba wanda ba ta iya kwaikwaya a garin. Ba raha ta ƙi ba. Tsoronta kada siffar da wani ya yi maka ta zama ita aka sani, har a cikin gidanku.

Yanzu ina koyarwa a Gwarzo. Kwanan baya ƙanen mahaifina, Baffa Iro, ya zo ganin likita ya sauka a gidana. Da ya gama gaisawa ya shiga ɗaki, na ji ɗana, waya a hannu, yana raɗa wa ƙanwarsa, "Wallahi maganarsa sak ta mutumin nan na bidiyo."

Bai ce na bidiyo ya yi kama da Baffa ba. Baffa ne ya yi kama da shi.

Ban ƙwace wayar ba. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin baƙo, na kira su, na ce, "Baffa, don Allah gaya musu yadda kuka ƙetare da shanun fatauci daga kasuwar Kara shekarar da ruwa ya cinye hanya."

Ya yi gyaran murya ya fara. Ni ban ji rabin labarin ba. Bakunan yaran nake kallo, ina addu'ar kada dariya ta fito.