Jan Kafson Kakana

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya mai ji da farin kaya, aka aiko mini daga ƙauyenmu na wajen Kuyello cewa kakana ba lafiya. Shi ne ladanin masallacin unguwa, ga shi an kwana biyu ba a ji muryarsa ba. An yi masa allurar maleriya, an yi tofi, an yi hayaƙi, duk a banza. Baffannina har sun fara shirin kai shi Kaduna, a lokacin da kowa ke tsoron hanyar nan ta daji.

Na same shi kwance sharkaf da gumi, yana ta hamma, hanci na zuba, idanu na hawaye. Ya ce gaɓoɓinsa kamar an daka su a turmi, barci ya gagara, ga zawo. Na auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Zuciya kuwa sai gudu take. Na haska idonsa, na ga baƙin tsakiyar ya buɗe, tsigar jikinsa duk ta tashi. An koya mana alamomin nan sarai: haka jiki ke yi in ya saba da ƙwaya aka yanke masa ita. Amma ni a wautata, samari kawai nake hango wa wannan ciwo.

Matsalar ita ce tambaya. A wajenmu babu ɗan da zai dubi mahaifinsa ya ce, me kake sha? Baffannina da suka ji inda na nufa, kowa ya sunkuyar da kai. Sai dai ni jika ce, tsakanina da tsohon nan wasa ne tun ina goye. Na kore su waje, na zauna bakin tabarma.

Na ce, "Angona, haka za ka mutu ka bar ni ko lefe ba ka gama ba? Faɗa mini gaskiya, wace ce ta ƙwace mini kai?"

Ya yi dariya cikin wahala. "Ke dai Amarya ba ki da mutunci."

Na san ya daɗe yana fama da ciwon baya, sai na ce, "Maganin ciwon bayan nan naka, wane iri ne?"

Ya ce, "Wani jan kafso ne. Wurin mai tallan magani nake saya ran kasuwa."

Tiramol ne. A hankali, da tsokana da lallashi, na jawo labarin. Da huɗar masara ya fara, guda ɗaya, ya ji bayansa ya saki. Bayan nan ɗaya ya daina yi masa, ya ƙara. Rani ya shigo, babu noma, amma bai bari ba. Daga baya in bai sha ba ko alwala sai ta yi masa nauyi, ya koma ɓoye shi cikin hula. Da hanya ta lalace mai maganin ya daina zuwa, shi ne jiki ya tayar da bore.

Ya dube ni. "Wato ni ɗan ƙwaya ne ke nan? Ni da ke kiran mutane salla?"

Na ce, "Kai majinyaci ne, Kaka. Magani ka nema aka sayar maka da ciwo."

Ba mu je Kaduna ba. Asibitin Birnin Gwari na kai shi, likita ya tsara yadda za a sauke shi sannu a hankali, aka kuma duba bayan nasa da kyau. Ya sha wuya, ni ma na sha zagi. Kafin a cire masara ya koma bakin lasifika, muryar nan tasa mai hana 'yan unguwa barcin safe.

Har yau in majinyaci ya zo mini da hamma da gumi, ba na duban gemunsa ko carbinsa. Na kuma gane cewa gano alama ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce samun bakin da mutum zai yarda ya amsa wa.

Shi kuwa tsohon bai tsaya a kansa ba. Wata ranar kasuwa ina wurin aiki, sai ga shi riƙe da hannun wani dattijo abokin sahunsa, mutumin na ta hamma yana kallon ƙasa.

Ya ce, "Amarya, ga wani angon na kawo miki. Ki yi masa irin rashin kunyar da kika yi mini, 'ya'yansa ba za su iya ba."