Ƙafar Baba ta Hagu

A gidanmu na Old Maiduguri akwai wata al'ada da ba wanda ya san ranar da ta fara. Duk wanda ya sayi abin hawa, ko da keke ne, ba zai fara yawo da shi ba sai ya kawo ƙofar gida Baba ya hau. Zai yi bisimilla, ya tuƙa zuwa ƙarshen layi, ya zagaye bishiyar darbejiya, ya dawo, maƙwabta suna tsaye suna ta barka. Daga nan sai ya miƙa wa mai abu makulli ya ce Allah ya tsare.

Baba tsohon direba ne. Da a-kori-kura ya yi ƙuruciyarsa, yana ɗauko wake da gero daga Konduga zuwa kasuwannin gari, a can kuma gonarsa take. Shi ya koya mini tuƙi, da faɗa da tsawa, har na iya sakin kuloci ba tare da mota ta ko girgiza ba. Ina taƙama da wannan, ba zan ɓoye ba. A makarantar da nake koyarwa a Mairi, in na ga abokan aikina maza cikin motocinsu masu canja giya da kansu, sai in tambaye su ko suna so in saya musu matashin kai su ƙarasa barcin.

To, da lokacin sayen tawa motar ya zo, ba na ma tunanin wani zaɓi. Manuwal zan saya, mai giyar hannu. Yayana, wanda bakanike ne, ya goyi bayana da hujjoji kamar a kotu. Ya ce in batir ya mutu ana tura ta ta tashi, in ta shiga yashi ana fitar da ita da giya ɗaya, kuma kowane gareji a garin nan ya san cikinta. Baba ma ya ce otomatik motar ragwaye ce.

Sai dai Baba ya daɗe bai riƙe sitiyari ba, an kuma jima ba a sayi mota a gidanmu ba. A shekarun da hanyar Konduga ta ƙi biyuwa ya ajiye tuƙi, da hanya ta buɗe kuma bai koma ba. In zai je gona sai ya jira wani ya sami sarari ya kai shi, wani lokaci har damina ta yi nisa yana jira. In an tambaye shi, sai ya ce masu Keke Napep sun ɓata titi. Duk mun yarda, domin lallai sun ɓata.

Wata rana da la'asar na je gida, na tarar da shi shi kaɗai a cikin tsohuwar motar Yaya da ke ajiye a zaure. Bai gan ni ba. Yana ƙoƙarin danna kuloci da ƙafar hagu, ya kai rabi, sai gwiwar ta ƙi. Ya sake gwadawa, ya cije baki, ya kama gwiwar da hannu biyu. Na koma waje a hankali, na tsaya, sannan na shigo da sallama da ƙarfi. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Idan na kawo manuwal ƙofar gida, a gaban dattawan layinmu za a gane cewa direban da suke alfahari da shi ba ya iya tayar da mota.

Mai sayar da motocin wani Ibo ne haifaffen garin nan, wanda Barbarcinsa ya fi nawa daɗin ji. Motocinsa 'yan Kwatano ne, amma a wurinmu sababbi ne fil. Ya riga ya ware mini wata manuwal fara. Da na nuna wata shuɗiya otomatik, sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Malama, ba ke ce kika ce ko kyauta aka ba ki irin wannan ba za ki karɓa ba?"

"Oga, mota kake sayarwa ko tarihi?"

Yaya kuwa har gida yana mita, wai na ba shi kunya, 'yar direba guda. Ban gaya masa dalili ba. Abin ya yi mini ciwo, domin farar nan ta shiga raina.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ya kawo ta ƙofar gida. Layi ya cika. Mata suna guɗa, mahaifiyarmu, da muke kira Ya, ta sha lafaya ta fito da kaskon turaren wuta tana zagaya motar. Baba ya fito da sandarsa a hankali, fuskarsa ba walwala, na san abin da yake tsoro. Ya buɗe ƙofa ya leƙa ƙasa. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ina ɗaya abin takawar?"

"Babu, Baba. Birki ne da totur kawai."

Ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dube shi, ban ƙifta ba.

"Motar ragwaye kika sayo," ya ce, amma muryarsa ta yi laushi. Ya miƙa wa Yaya sandar ya shiga.

Na zauna a gefensa, Ya ta zauna a baya. Na nuna masa inda ake sa giya sau ɗaya a manta da ita. Ya yi bisimilla, mota ta tafi sumul, yara suka bi mu da gudu. Da ta ɗan ɗauki wuta, kunnensa ya gaya masa lokacin giya biyu ya yi. Ƙafar hagun nan da ta ƙi aiki a zaure sai ga ta ta tashi neman kuloci, ta sauka a kan birki. Mota ta tsaya cak. Goshina ya kusa gaisawa da gilashi, Ya ta yi salati.

Abin da ya biyo baya shi nake tunawa in yi ta dariya ni kaɗai. Dattawan layinmu sun saba da motocin Baba na da. Da suka ga mota ta tsaya, ba wanda ya tambayi kowa. Liman ya tattare babbar riga, mai shago ya bar ciniki, tela ya fito da tef a wuya, suka dafa bayan sabuwar motata suna turawa, suna cewa, "Alhaji, sa mata biyu! Saki kuloci!"

"Babu kulocin!" Baba ya faɗa ta taga. "Ku bar ta, da ranta!"

Ba su ji ba. Yaya yana ta ɗaga hannu yana rantsuwa cewa irin wannan ba a tura ta, Liman yana ce masa yaro bai san mota ba. Baba ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya har hularsa ta faɗo. Rabon da in ji irin wannan dariyar tasa har na manta.

Mahaifiyarmu ce ta kawo maganin abin. Ta ciro wani ɗankwali daga jakarta ta miƙa wa Yaya, ta ce ya ɗaure ƙafar a ƙarfen ƙasan kujera, kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na zaci Baba zai yi fushi. Sai ya miƙa ƙafar da kansa, ya ce a ɗaure ta da kyau, ba ta jin magana.

Muka sake tashi. Muka kai darbejiya, na ce, "Baba, ga wurin juyawa." Bai juya ba. Ya sa sigina ya hau babban titi, ya bar maƙwabta tsaye suna jiran makulli.

Muka wuce jami'a, muka wuce Mairi, gidaje suka fara raguwa. Hannunsa na dama yana ta lalube yana neman aikin yi, daga baya ya haƙura ya riƙe sitiyari da shi, ya fitar da na hagu ta taga. Duk wanda muka wuce sai ya ɗaga masa: masu itace, masu kekuna, sojojin shinge. "Wushe, wushe!" yake ta gaisuwa, kamar wanda ya dawo daga Hajji. Wani tsoho a bakin hanya ya gane shi, ya jefar da fartanya ya biyo mu yana kiran sunansa.

A bakin gonar ya tsaya. Waken ya yi kore shar, ya rufe ƙasa. Ya kashe mota, ya sunkuya ya kwance ɗankwalin, ya ninke shi ya miƙa wa Ya. Ya zauna yana kallon gonar.

"Feronyi," ya ce. Haka yake kirana da Barbarci, wato 'yata, in yana so ya roƙi wani abu. "Ranar Asabar ba kya zuwa makaranta, ko?"

"Ba na zuwa, Baba. Zan riƙa kawo ka."

"A'a," ya ce, yana shafa sitiyarin. "Ki bar mini makullin kawai. Na san hanya."