Tura-Mu-Je da Shafaffiya

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne aminina Bulus direba a ƙauyensu, can gaba da Madakiya. Da farko na yi niyyar in rubuta abin da aka saba: mutumin kirki ne, mai tsoron Ubangiji, ya huta. Duk gaskiya ne, kuma Fasto ya riga ya faɗe su a sujadar tunawa da muka yi watan jiya. Ni abin da ke cina daban ne, kuma zan kawo shi bi da bi, domin shekarun da na yi ina aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan sun koya mini cewa tarago ba ya wuce kan jirgi.

Zan fara da motarsa, don ba a raba Bulus da ita. A-kori-kura ce fara, ƙirar Faransa, wadda ta riga ta ga duniya kafin ta zo hannunsa. Aibinta ɗaya: ba ta tashi da safe sai an tura. Saboda haka kullum a kan gangaren ƙofar gidansa take kwana, hancinta na kallon titi. Da gari ya waye sai ka ji muryarsa: "Jama'a, a tura mu je!" Da haka ta sami suna. Daga Kwoi har Manchok, ka ce motar Bulus wani zai tambaye ka wane Bulus, amma ka ce Tura-Mu-Je ko tsohuwar da ke sayar da ƙosai za ta nuna maka inda ta bi. Kuma yana da doka wadda bai taɓa karyawa ba: duk wanda ya sa hannu ya tura, ba ya tafiya a ƙasa. Na ga malamin makaranta da taye ya tura. Na ga Alhaji Sule mai sayen citta ya naɗe babbar riga ya tura, yana zagin Bulus yana dariya. A shekarun da gari ya rikice, mutane suna tsoron ƙetara wasu unguwanni, wannan mota ta shiga ta fita ba wanda ya jefe ta, domin babu unguwar da ba ta da wanda ya taɓa tura ta.

Bulus bai yi zurfi a boko ba, kamar ni, amma yana da ma'auninsa na mota. Yakan ce mota ba ta zama mota sai ta cika sharaɗi uku. Na farko, jama'a su raɗa mata suna, ba kamfani ba. Na biyu, makanikin bakin hanya ya iya jin ciwonta da kunne. Na uku, ta ɗauki amarya, ta ɗauki mara lafiya, ta ɗauki gawa. In ta cika waɗannan, in ji shi, ko ta ruɓe ba ta mutu ba.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki biro. Bulus ya bar ɗa, Shekari, yana aiki a Abuja. Na gaya masa zan rubuta wannan, ya ce in rubuta, to ga shi. Shekara uku da suka wuce ya sayo wata mota ja, ƙirar Jamus, mai ƙofa biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, kujerunta fata ce fara kamar madara. Ya kawo ta Kafanchan a kan wata motar, ya ajiye ta a daidai wurin da Tura-Mu-Je ke kwana, ya lulluɓe ta da tampol, ya ɗaure da igiya. Na tambaye shi ko lalacewa ta yi. Ya ce, "A'a Baba, lafiyarta ƙalau. Kamfanin ya daina yin irinta. Nan da shekara ashirin za ta zama kilasik."

Na ce ya yi mini Hausa. Ya ce kilasik ita ce motar da ta tsufa amma darajarta ta ƙaru, masu kuɗi suna nemanta ido rufe, kamar dai tsohuwar zuma. Sai dai da sharaɗi: kada lambar tafiyarta ta yi yawa, kada fentinta ya ƙuje, kada kujera ta yi tabo. Wato a taƙaice, darajar mota ita ce kada ta yi aikin mota. Tsohuwar zuma da ita ake magani, aka ce. Ba a ce da ita ake ado a bayan tampol ba.

Da abin ya tsaya nan da na yi shiru, kowa da haukarsa. Amma akwai uwarsa, Mama Saratu, a gidan nan. Ƙafafunta sun kumbura, kowace Talata tana zuwa asibiti. Da idona nake ganinta tana share gefen tampol ɗin da tsintsiya, ta gama, ta fito titi ta tsayar da okada, a ɗaga mata ƙafa ta hau. Matar da mijinta ya kai rabin garin nan asibiti. Bara, da muka tashi zuwa kabari, Shekari ya yi hayar bas, Saratu ta shiga aka tafi. Da muka dawo ta kira ni gefe ta ce, "Baban Tani, ni ba na gardama da yaro. Amma baɗi, in ba a cikin motar ɗana ba, ba zan je wurin Bulus ba. Ku je ku gaishe shi." Na san Saratu tun tana budurwa. In ta ce ba za ta je ba, ko tarakta aka kawo ba za ta motsa ba. Kuma a shekarunta, wa ya san baɗi nawa suka rage?

Na kira Shekari na yi masa magana a tsare, ɗaya bayan ɗaya. Zan yi masa adalci, domin ba ɗan banza ba ne. Shi ya sake wa uwarsa rufin kwano, shi ke sayen maganinta. Kuma ya ba ni amsa wadda ta tsaya mini a wuya. Ya ce, "Baba, motar babana ta ɗauki kowa. Ina take yau? 'Yan gwangwan sun sassare ta, ko taya ba mu gada ba. Ni ina so in bar wa 'ya'yana abin da za su riƙe a hannu." Gaskiya ne. Bulus ya yi aiki da motar nan har ta zama rariya, bai bar komai ba sai suna. Ajiya maganin wata rana, wannan ma magabata suka faɗa. Ban iya ƙaryata shi ba, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi.

Tun daga nan nake zama a bakin shagon ɗana ina kallon motocin da ke wucewa, ina tambayar kaina: da Bulus zai tashi ya zauna kusa da ni a bencin nan, wacce zai nuna ya ce jikokinmu za su tuna da ita?

Ba zai nuna manyan jif-jif na 'yan siyasa ba. Gilashinsu baƙi ne, ba a san wanda ke ciki ba, kuma abin da ba ka ga fuskarsa ba, ba ka raɗa masa suna, sai dai ka yi masa tsaki. Ba zai nuna waɗannan masu tashi da maɓalli ba, waɗanda in suka yi tari sai an kawo kwamfuta daga Jos ta faɗi abin da ke damunsu, makaniki yana tsaye riƙe da sifana kamar ɗan kallo. An ce mini ma ko an tura su ba sa tashi. Da Bulus ya ji wannan da ya cire hula: motar da mutane ba za su iya taimaka mata ba, ina zumuncinta da mutane? Masu aiki da lantarki kuwa, na ji labarinsu a rediyo, ban ce ba su da kyau ba. Amma a unguwarmu, inda firij ya koma kabad ɗin ajiye kwanuka, sai dai mu jira tukuna.

Abin da zai nuna, kuma raina bai so ba, su ne waɗannan tsofaffin 'yan Kwatano masu dogon baya da ke jigila tsakanin nan da Kaduna. Ba su da kyan gani. Direbobinsu ba su da tsari, suna cusa mutum biyu a gaba, but a buɗe an ɗaure da roba, buhun citta yana leƙen titi. Na tsani yadda suke tuƙi. Amma kowace a tasha tana da laƙabinta, kowane makaniki ya san hanjinta, kuma babu iyalin da ba ta kai wa amarya ko ta dawo masa da gawa ba. Ranar da suka ƙare, su za a riƙa ba da labarinsu, ko da ba wanda ya ajiye ɗaya a ƙarƙashin tampol.

To, ranar tunawa ta zo. Aka tashi daga coci, bas ta tsaya a ƙofar gida, 'yan zumuntar mata suka shiga da tukwanen kiɗansu da kulolin abinci. Mama Saratu ta fito sanye da zanen zumunta, riƙe da galan ɗin manja da za ta kai wa dangin mijinta kamar yadda ta saba kowace shekara. Ta ja kujera ta zauna kusa da tampol. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Shekari ya ce, "Mama, rana na yi." Ta ce, "Ku tafi mana. Ni ina gadin kilasik." Matan da ke cikin bas suka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, domin ba wadda za ta je kabarin miji ta bar matar a gida. Fasto ya duba agogo, ya duba sama.

Shekari ya tsaya ya fi yadda nake tsammani. Sannan ya sunkuya ya kwance igiya. Ga abin dariya: shekara uku a ajiye, batir ya mutu. Ya danna, ya danna, shiru. Sai da direban bas ya ciro nasa aka jona. Wata daga cikin mata ta ce, "Wannan ko tura mu je ba ta iya ba."

Aka naɗe ni a kujerar baya tare da Mama Rifkatu, shugabar zumunta, gwiwoyinmu a haɓa. Saratu ta zauna gaba, galan a cinya, domin ta ƙi a sa shi a but. Muka kama hanya a hankali kamar masu rakiyar ƙwai. Mun wuce Madakiya kaɗan, inda kwalta ta ƙare, sai cikin motar ya daki wani tudu. Murfin galan ya yi tsalle. Manja ya malale a kan farar kujera, ya bi ɗinki, ya gangara ƙasa.

Shekari ya taka birki. Ya dubi kujerar, ya dafa kai da hannu biyu. Ni kaina, duk da haushina, na ji tausayinsa, domin shekara ashirin ɗin da yake lissafi ne suka zube a gabansa. Can sai Mama Rifkatu ta leƙo ta tsakanin kujeru ta ce, "To, Shekari, kada ka damu. An shafe ta da mai. Yanzu ta zama Shafaffiya, sai aikin Ubangiji."

Saratu ce ta fara dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun Bulus yana da rai. Shekari bai yi ba. Amma ya kunna mota, ya kai uwarsa har gindin itacen da ke inuwar kabarin, ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya riƙe hannunta ta fito da zane jajir. Kafin mu gama addu'a, duk ƙauyen sun san sunan motar.

An kai ta wurin masu wanki sau biyu, tabon ya ce yana nan. Shekari ya koma Abuja yana cewa an kashe masa kilasik. Har yau in na kira shi gaisuwarsa gajera ce. Amma ya bar makulli a hannun uwarsa, kuma kowace Talata maƙwabcinsu yana tuƙa ta zuwa asibiti, mata a bakin rijiya suna ɗaga hannu: "Shafaffiya, a dawo lafiya!"

Ban san ko masu kuɗin nan da yake magana za su neme ta nan da shekara ashirin ba. Mai yiwuwa shi ke da gaskiya, an yi asara. Abin da na sani shi ne, ta Bulus ko ƙusa ba ta rage ba, amma har gobe in ka tambayi ɗan okadan da bai taɓa ganinta ba, zai ce maka, "Gangaren Tura-Mu-Je za ka sauka?" A ma'aunin aminina, jar motar ta sami suna, ta ɗauki mara lafiya. Makaniki bai san ciwonta ba tukuna, kuma saura amarya da gawa. Ba na gaggawar ta ƙarshen.

Jiya na bi ta gidan. Tampol ɗin yana shimfiɗe a tsakar gida, Saratu ta baza citta a kai tana shan rana.