Tambayar da Inna ta aiko mini

A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, boko ya kumbura mini kai, bakina ba ya hutawa. Ni ne ɗan fari a gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Da wannan kunyar na tashi, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

Na zo hutu da kaka, muna ɓarar masara a tsakar gida, sai ƙanwata ta tsokane ni wai me nake karantawa da ya raba ni da fartanya. Abin nema ya samu. Na ce mata a jikin mutum akwai sinadarin da ke umartar ƙwayoyin halitta su girma su hayayyafa, akwai kuma wani furotin da ke riƙe da shi kamar igiya a wuyan bijimi, yana sassauta masa daidai buƙata. Idan riƙon ya lalace, ƙwayoyin na iya yaɗuwa ba tsayawa har su zama ƙari. Na ƙara da cewa a wasu nau'o'in ciwon daji furotin ɗin ma juyawa yake yi ya taimaki cutar.

Inna tana gefe tana shiƙa. Ba ta dube ni ba, ta ce wa ƙanwata, "Tambayi wancan, shi wannan ƙarin yana ciwo tun farko?"

Na ce sau da yawa ko kaɗan ba ya ciwo, na ci gaba da zuba. Har daɗi na ji, wai yau Inna ta saurari karatuna. Ban tambayi abin da ya sa take son sani ba.

Sai da damina ta zagayo, nonon Inna ya fashe, sannan ƙanwata ta kira ni tana kuka. Daga asibiti a Funtua aka tura mu Zariya, likita ya ce ciwon daji ne, ya riga ya kai ƙashi. Inna ta rasu masara ba ta nuna ba. Bayan zaman makoki ƙanwata ta gaya mini abin da Inna ta faɗa mata a gadon asibiti: tun ranar ɓarar masara akwai ƙullutu a nononta, ta fahimci amsata sarai, jira ta yi in tambaye ta.

Wallahi har yau abin yana cina. Na koyi cewa iyayenmu ba sa kawo kukansu ta ƙofar gaba. Duk wanda mahaifiyarsa ta aiko masa da tambaya ta bakin wani, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya je ya durƙusa ya ji dalili. Ni na amsa tawa daidai, na ci jarrabawa, na rasa Inna.