Ranar da Mista Karlo Ya Hau Bene

A duk shekarun da na yi ina kula da tsofaffi a jihar Maryland ta Amurka, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Talata a Italiya. Ku sababbin shiga aikin nan, ku saurara.

Lokacin ina kula da wani dattijo a Germantown, Mista Karlo, tsohon malamin zane mai ciwon huhu, wanda ba ya rabuwa da tukunyar oksijin. Ya nace sai ya je garin iyayensa a Italiya ya ga babban cocinsu kafin ya mutu. 'Yarsa Linda ta amince, kamfaninmu ya ce in raka shi. A aikinmu, likita da iyali ke shimfiɗa tsari, ma'aikaci ba ya ƙetare shi. Namu ya hana hawan bene.

Cikin cocin ba mu sha wahala ba, a keken marasa lafiya na zagaya da shi. Amma zanen da ya kawo mu, wani zane mai shekara ɗari biyar na Nana Maryam riƙe da jaririnta, yana saman bene a gidan kayan tarihin cocin, kuma lif, na'urar da ke kai mutane sama, ya lalace.

Na kira Linda a waya. Ta ce, "Idris, kada ka kuskura. Ku koma otal."

Ina juyowa na ga keke ba kowa. Dattijo ya cire bututun hancinsa, ya kama ƙarfen matattakala, har ya fara hawa.

Na ce, "Baba, don Allah ka sauko."

Ya ce, "A gaban zanen nan na nemi auren matata. Ko ka janyo ni, ko ka ɗauko tukunyar."

Janyo mutum mai hankalinsa laifi ne a dokarmu, barinsa ya hau ma laifi ne. Na saɓa tukunyar, na mayar masa da bututun, na tokare bayansa da ƙirjina. Muna tsakiyar benen leɓɓansa suka fara shuɗi, lambar na'urar auna oksijin da ke yatsansa tana ta sauka. Na zaunar da shi, na ƙara iska, ina salati a zuci. Wata mai gadi ta ɗaga waya za ta kira motar asibiti, Baba ya girgiza mata kai. Can dai lambar ta soma ɗagowa.

Muka ƙarasa. Ya daɗe zaune gaban zanen. Masu gadi ne suka taya ni sauko da shi a kujera.

Da muka dawo, Linda ta kai ƙarata. Shugabarmu, Madam Akosuwa, ta kira ni ofis a Hyattsville, ta dakatar da ni. Baba ya ƙi yarda kowa ya yi masa wanka, har sai da Linda da kanta ta nemi a mayar da ni. Ni na kula da shi har ya rasu.

Don haka tun ranar farko ku tambayi tsoho abin da ya rage masa da yake son yi a duniya, ku kai maganar gaban likita da iyali. In ba ku tambaya ba, zai tashi yinsa ne lokacin da kuka juya baya.