Hajiya Mariyatu Jelani da Sunan da Ta Haɗiye

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayiya Hajiya Mariyatu a shekarar 1953 a Ƙofar Kware cikin birnin Sakkwato. Mahaifinta shi ne Malam Jelani mai sayar da yadi, mahaifiyarta kuwa Hindu, wadda kallo ɗaya take yi wa mutum ya gyara zama. Ta yi karatun allo, sannan ta yi firamare zuwa aji huɗu, inda aka shaide ta da surutu da dariya irin wadda ake jiyowa daga zaure. Wanda ya san ta a tsufanta kaɗai ba zai yarda ba, amma shaidu suna nan da ransu.

Aure da Haihuwar Fari

A shekarar 1972 aka ɗaura mata aure da Alhaji Muntari, ɗan kasuwar hatsi na Gawon Nama, kuma ita ta zaɓe shi, ko da yake daga baya cewa take yi ba ta ma lura da shi ba. Shekara na zagayowa Allah Ya azurta su da ɗiya, aka raɗa mata suna Rahama.

A wancan zamani aure kaɗai ba ya mai da yarinya mace, sai an ga kunyarta a kan ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai wani ya ɗauko ya miƙa mata. Mariyatu ta san haka sarai. Amma bayan ta dawo daga wankan jego, wata rana da hantsi surukarta Delu ta ɗaga labule, da baƙi mata a bayanta, ta tarar da ita ta ɗora jaririyar a ƙirji tana rera mata waƙa da sunanta. Delu ba ta yi faɗa ba. Murmushi ta yi, ta ce wa baƙin: “Ku yi haƙuri, yarinya ta, ta ɗauka 'yar tsana munka ba ta.”

Kafin la'asar zancen ya isa Ƙofar Kware da ƙari a kansa, har Hindu ta daina zuwa biki na wani lokaci. Tun daga ranar ba a sake jin sunan nan a bakin Mariyatu ba, dariyar ma ta ragu.

Zaman Gida da Girma

A 1975, bayan yaye, da kanta ta nemi a kai Rahama riƙo wajen ƙanwar mijinta. In yarinyar ta zo gaisuwa, “ke” ce. In ba ta nan, “waccan ta gidan Goggo”. Rahama kuwa Adda take ce mata, kamar yayarta. Sauran 'ya'yan an goya su, an kira su, an shagwaɓa su. Mariyatu ta sauke farali a 1994, ta zama matar da ake kawo wa amare su ga yadda ake kunya, kuma Delu da bakinta ta ce ba ta taɓa ganin mace irinta ba. An ce duk lokacin da Rahama ta yi zazzaɓi, Mariyatu ba ta cin abinci, amma cewa take yi miyar ce ba ta yi ba.

Jinya da Rasuwa

Bayan rasuwar Alhaji Muntari a 2016 ciwon ƙafa ya kwantar da ita, kuma Rahama, wadda ta zama malamar makaranta, ita ta ɗauke ta zuwa gidanta a Sama Road, tana yi mata wanka da juyi. Rahama ta taɓa roƙon ta: “Adda, zamani ya wuce, ko sau ɗaya ki kira ni in ji.” Hajiya ta ce ba ta tsufa don ta koma yarinya ba.

A ranarta ta ƙarshe, a watan Sha'aban na 2023, ta riƙe hannun Rahama ta daɗe tana kallon ta, leɓɓanta na motsi. Ɗakin cike yake da 'yan dubiya, kuma babu wadda ta yi tunanin fita. Ta dube su, ta dubi ɗiyarta, ta ce: “Ke, ba ni ruwa.” Ba ta ƙara magana ba sai kalmar shahada.

An yi mata sutura bayan azahar, aka kai ta makwancinta. Allah Ya gafarta mata. Ta bar Bashar, da Faruk, da Maimunat, da Nura, da jikoki masu yawa, sai kuma babbarsu, wadda mahaifiyar ta kira da sunanta sau ɗaya tana cikin zanen goyo ba ta san an yi ba: Rahama.